Naman Suna a Farantin Sushila

Tun da na dawo daga Amurka bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta ajiye mayafi ta fara jero tambaya: da gaske ne kare na kwana a kan gado, da gaske ne ƙanƙara na rufe mota, me kika ci, wa kika gani. Na maimaita labarin nan har na fara ƙara masa gishiri ba da sanina ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Kuma in gaya muku tun yanzu, ƙasar Turawa na je, amma rabin labarin na Indiyawa ne.

Autata Hadiza ce ta haihu, haihuwar fari, a wani gari da ake kira Greensboro, inda mijinta Malam Sani yake karatun digirin ƙarshe. Ba uwa a kusa, ba gwaggo, ba mai dafa mata ruwan wanka. Na ce ko a ƙafa ne sai na je.

Daga Gusau mota ta kai ni Kano, daga Kano jirgi ya ɗauke ni zuwa Landan. Ban da abin faɗa a kan jirgi sai dai abincinsa, wanda ake kawo shi a 'yan ƙananan akwatuna kamar na wasan yara. Naman ban san wanda ya yanka shi ba, don haka burodi da shayi na yi ta sha har New York. A Landan na haɗu da matattakalar nan mai tafiya da kanta. Na tsaya a bakinta ina karanto addu'a, layi ya taru a bayana, har wata Baturiya tsohuwa da ta girme ni ta kama hannuna ta ja ni muka hau tare. Da muka sauka na gode mata, ta ce in daina murƙushe mata yatsu.

A New York aka buɗe mini kaya. Na tafi da kilishi, da daddawa, da yajin jego, da kanwa, da gero na kunu. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, ya ja da baya taku biyu, ya kira abokinsa shi ma ya zo ya sha nasa. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a firamare, amma a wurin nan ba wanda ya gane nawa, ni ma ban gane nasu ba, domin ta hanci suke yin sa. Suka riƙe kilishi da gero. Kanwa kuwa suka yi ta juya ta suna zaton wani mugun abu ne, sai da na gutsura na lasa a gabansu sannan suka bar mini. Kilishin nan har yau yana yi mini ciwo, na tabbata ba zubar da shi suka yi ba.

Malam Sani ya tarye ni a filin jirgin garinsu ya kai ni unguwarsu, Glenwood, kusa da jami'a. Gidajen wurin tsofaffi ne, na katako, in ka taka nan can ya amsa. Nasu an raba shi biyu, ƙofa na kallon ƙofa, tsakar gida ɗaya a baya. Ku da kuka san surukuta ku auna: ɗaki biyu, banɗaki ɗaya, ga ni ga mijin 'yata. Bawan Allah ya rasa inda zai ci abinci, sai ya ɗauki kwanonsa ya shiga mota ya rufe. Ni kuma in na ji motsinsa sai in shige ɗaki in yi kamar ina lazimi. Ranar da na fara yi wa Hadiza wankan jego, tururi ya tashe wani ƙaramin abu da ke manne a rufi, ya shiga ihu, na fito da guga a hannu ina neman inda wuta ta kama.

Abin da ya fi damuna ba sanyi ba ne, shirun garin ne. Malam Sani na fita da sassafe, sai magariba. Hausawan garin mutanen kirki ne, amma kowa na makaranta ko wurin aiki, sai ƙarshen mako ake ganinsu. Hadiza da ta tashi a gidan da ba a rufe ƙofa, na same ta ta rame, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron ta tashi wani. Na dube ta na ce a raina, in na gama arba'in na tafi, yarinyar nan da wa zan bar ta?

Washegarin zuwana aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata 'yar tsohuwa ce siririya, ta naɗe da zanen Indiyawa, ta ɗora rigar sanyin maza a kai, ƙafarta cikin safa. Hannunta ɗauke da wani babban faranti na tagulla. Hadiza ta ce, "Mama, wannan ce Sushila, maƙwabciyarmu. Ranar da naƙuda ta kama ni ita ta zauna da ni har mota ta zo."

Ɗanta injiniya ne, matarsa Mina tana aiki a kanti, ita ma tsohuwar haka take wuni ita kaɗai. Turancinta bai fi a ƙirga da yatsu ba. Ni da na sha kallon finafinansu a talabijin, na ɗauka duk Ba'indiya in ta ji daɗi sai ta zagaya itace tana waƙa. Wannan ba ta waƙa, umarni take bayarwa. Ta ajiye faranti, ta karɓe jinjirar daga hannuna, ta nuna mini cewa ban rufe mata kai da kyau ba. Ni da na goyi bakwai.

A kan farantin akwai wasu dunƙule-dunƙule kamar nakiya, na mai jego ne, da man shanu da ƙaro a ciki. Sauran kuma ɗanɗano ne na bikinsu da ke tafe, wanda suke kira Holi, suna yin sa in sanyi ya fara tafiya itatuwa suka fara fure. Akwai wani mai siffar jinjirin wata, ɓawonsa na fulawa, cikinsa daskararriyar madara da kwakwa da sukari. Suna kiran sa gujiya, amma ba ruwansa da gujiyarmu. Akwai jalebi, ja, a murɗe, ƙanwar alkaki ce sai dai ta fi shi rashin kunya wajen zaƙi. Na ci ɗaya don kara, na ci na biyu don in tabbatar, na uku kuwa ban da hujja.

To kun san mu, ba a mayar da kwanon maƙwabci fanko. Na soya wainar fulawa na zuba na mayar. Ashe su ma haka al'adarsu take. Da yamma farantin ya dawo da wani abu kamar fanke da aka jiƙa a ruwan sukari. Na mayar da shi da kunun gyaɗa a jug. Ya dawo da tuwon madara irin nasu, an manna masa wani farin abu mai ƙyalli wanda na zauna ina ɓarewa, sai Hadiza ta ce ai ci ake yi. Haka muka yi ta yi, ba wadda ta yarda ta zama ta ƙarshe. Malam Sani ya fara sassauta bel. Ni dai na lura duk shigowar tsohuwar sai Hadiza ta yi dariya, kuma dariyar da ƙarfi.

Ranar suna ta zo. Maza suka tafi wani ƙauye a kudu da gari, Pleasant Garden, wurin wani Bature manomi da ke sayar da tumaki yana barin Musulmi su yanka da kansu. Suka dawo da rago mai kyau, aka raɗa wa yarinya suna Maryam, Hausawan garin suka cika gidan har bakin titi. Washegari na soya nama. Farantin Sushila na hannuna, bashin zagaye a kaina yake. Na ce yau zan kashe bakin tsohuwar nan. Na zaɓi tsoka mai kyau, da hanta, da ƙoda, na barbaɗe da yaji, na tula har ya yi tozo, na rufe da sabon kyalle. Hadiza na barci, Malam Sani na makaranta, ba wanda ya gan ni balle ya tare ni.

Ta buɗe ƙofa da murmushi. Ta ɗaga kyallen. Sai na ga murmushin ya tafi, ta kai hannu baki, ta ja da baya, ta ce wani abu da yarensu, ta tura ƙofa ta rufe.

Na tsaya da faranti a hannu. Abin da ya zo mini shi ne ta raina. Na ce lallai matar nan, rago guda ne fa, ba naman sa ba da aka ce Indiyawa ba sa ci. Amma don kada a ce Bahaushiya ta yi rowa a ƙasar waje, na koma na ƙara cinya guda a kai, na sake ƙwanƙwasawa. Wannan karon labule kawai ya motsa. Na ajiye mata a bakin ƙofa na dawo ina huci.

Da Malam Sani ya dawo ya ga abin da ke bakin ƙofar mutane, ranar ya manta da surukuta. Ya shigo har inda nake ya durƙusa.

"Mama, ke kika kai musu nama?"

"Ni ce. Har da cinya. Ko godiya."

"Mama, ai su vegetarian ne. Ba sa cin duk abin da ke da rai. Tsohuwar nan ko ƙwai ba ta taɓa sa wa a bakinta ba tun da aka haife ta."

"To talauci ne ko ciwo?"

"Addini ne, Mama."

Da yamma Mina ta shigo, cikin ladabi, ta ce ba komai, sun san ban sani ba. Amma Hadiza ta matsa mata, sai ta faɗi sauran. Farantin na mahaifiyar Sushila ne, da shi aka kai ta gidan miji, da shi ta ƙetaro teku, kuma a kansa take jera kayan zaƙin Holi kowace shekara. Yanzu ba zai ƙara shiga kicin ɗinta ba. Na tuna yadda zan ji in wani ya zuba mini naman alade a kwanon da uwata ta bar mini, ya kuma koma ya ƙaro. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi.

Kwanaki suka wuce ba a ƙwanƙwasa ƙofa ba. In mun haɗu a tsakar gida wajen shanya sai ta sunkuyar da kai ta wuce. Farantin na nan jingine a gindin itace, ta goge shi da toka ta bar wa ruwan sama. Hadiza ta koma maganarta ta ƙasa-ƙasa. Wata rana tana ba Maryam nono ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mama, ita kaɗai ce fa take shigo mini." Na zo in gyara wa yarinya zama, na rushe mata ɗan abin da ta samu.

Ana jibi bikinsu na sa Malam Sani ya kai ni kantin Indiyawa a High Point Road, wani dogon titi mai cike da wuraren sayar da motoci. Ina shiga na ji kamar na shiga kasuwar Gusau: tsamiya, citta, kanumfari, masoro, har da geron da aka ƙwace mini a New York, ga shi nan a buhu yana kallona. Mai kantin ya dube ni, ya dubi Malam Sani, ya tambaya ko ni ce mai naman. Ashe labari ya gama Indiyawan garin. Na sayi tsakin alkama, da sukari, da man gyaɗa da ba a fasa ba. Muka biya wani kanti na sayi sabuwar tukunya, sabon kasko, sabon ludayi, sabon faranti, da ƙaramin murhun gas. Na hana a ɓare takardun da ke manne a jikinsu.

Dabarata ita ce in yi alkaki, tunda babu nama babu ƙwai a cikinsa. Amma na san duk abin da ya fito daga kicin ɗinmu ba za ta amince da shi ba. Don haka ranar bikin da hantsi na fitar da komai tsakar gida, daidai saitin tagarta, na shimfiɗa tabarma a cikin sanyin nan. Duk abin da zan zuba sai na ɗaga shi sama na juya shi hagu da dama kamar dillaliya, in nuna wa labule. Kwaɓin ma a nan na yi shi tun ana gobe biki, a gabanta, na bar shi a rufe a kan baranda. Na murza, na naɗe, na soya. Labule na motsi, ƙofa ba ta buɗe ba.

Sai na ɗora ruwan sukari. Yana cikin tafasa na ji ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Ta taho da saurinta, safa a ƙafa, ko kallona ba ta yi ba. Ta fizge ludayin, ta ɗiga ruwan a yatsa, ta haɗa da babban yatsa ta buɗe, ta nuna mini zaren da ya yi, tana girgiza kai kamar an yi mutuwa. Wai ya yi kauri. Ta ƙara ruwa, ta rage wuta, ta koma ɗaki ta dawo da wani ɗan kayan ƙamshi ta jefa. Na ce mata da Hausa, "Baiwar Allah, tun kafin ki san hanyar Amurka nake alkakin gara." Ta mayar mini da yarensu, kuma daga muryarta na san irin amsar ce. Muka yi ta yi, ni da Hausa ita da Indiyanci, hannuwanmu na tsoma alkaki a tukunya ɗaya. Har gobe ina nan a kan bakana, ruwan sukarina daidai yake.

Da ya huce ta ɗauki ɗaya ta karya, ta duba cikinsa, ta shinshina, sannan ta ci. Ta daɗe tana taunawa. Sai ta ɗauki na biyu ta nufi ƙofarmu da shi, ta shiga ba sallama, na jiyo ta tana yi wa Hadiza faɗan ba ta sa wa jinjira hula ba.

Da rana baƙinsu suka cika tsakar gidan, kowa da fararen tsofaffin kaya. Na sa Hadiza ta gaya wa Mina cewa ni ba ruwana da wajen bautarsu, amma ci da sha na maƙwabtaka ba zan ƙi ba. Aka kawo abin shan bikin a babbar tukunya, sunansa tandai. Madara ce mai sanyi, an niƙa wasu 'ya'yan itace da 'ya'yan kankana da furen wardi da masoro a ciki. Malam Sani ya raɗa wa Hadiza, ita kuma ta raɗa mini, wai a can ƙasarsu wasu na zuba ganye mai sa maye. Na ajiye kofi. Da aka fassara wa Sushila, ta kama kunnuwanta biyu ta rantse, ta kuma harari Malam Sani har sai da ya koma bayan mota. Na yi bisimilla na sha. Wani Bature maƙwabci da aka gayyato ya kurɓa ya shiga tari, wai yaji a madara. Ni da na tashi da fura mai citta da barkono, na miƙa kofi aka ƙara. Na zauna ina jiran maye, ba abin da ya zo sai gyatsa.

Daga nan aka fito da garin launi, ja da kore da rawaya. Manyan mutane, likitoci da malaman jami'a, suka shiga bin juna da gudu suna shafe-shafe kamar yara a tashe. Na ja farin mayafina na maƙale a bango. Sushila ta zo gabana da jan gari a tafinta ta tsaya, ba ta taɓa ni ba, tana jira. Mina ta ce a ranar nan wanda aka yi faɗa da shi ake fara shafa wa, in ya yarda to magana ta wuce. Na dubi mayafina, na Makka ne. Na dubi Hadiza a bakin ƙofa da jinjira a kafaɗa. Na miƙa kumatu. Ta shafa mini kaɗan, ni kuma na dumbuza da hannu biyu na juye mata a ka, don ba a saba ba ni in mayar da kaɗan ba. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi ba, ina da jikoki. Sai da na yi wanka uku kafin in yi la'asar, kuma kunnena na hagu kore ne har muka yi arba'in.

Farantin tagulla dai bai koma kicin ba. Ta ɗora tukunyar fure a kansa a baranda. Sabon da na saya ta karɓa, amma ni da ita mun san ba ɗaya ba ne, kuma duk wucewata ta wurin sai na kau da kai.

Ranar da zan taho na tashi na yi alkaki na ƙarshe a sabuwar tukunyar, na cika babbar langata mai fure, sabuwa ce dal da na zo da ita ban taɓa zuba komai a ciki ba. Na kai mata da kaina, Malam Sani na ta duba agogo a mota. Ta karɓa, ta yi mini alama in jira, za ta juye ta cika mini da nata in tafi da shi. Na dafe murfin da hannuna. Na girgiza kai, na nuna mata ƙofar Hadiza, na ce da Turancina da ba wanda ya gane a ƙasar nan, gobe. Na sake nuna ƙofar na ce, da jibi.

Ta dubi ƙofar, ta dube ni. Ta saki murfin, ta rungume langar a ƙirjinta da hannu biyu, ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ban iya sallama da Hadiza yadda ya kamata ba, kuka ya hana mu duka biyun. Da mota ta kai kwana na waiwaya, na hango tsohuwar ta riga ta tsallaka barandar, tana tsaye kusa da 'yata, tana gyara wa Maryam hula.